Karan Dawa a Akwatin Jael

Shekara bakwai ke nan Jael tana aikin jinya a Doha, amma ba ta taɓa sayen kayan adon Kirsimeti a kanti ba. A gidansu can Zonkwa, kowane yaro shi ke haɗa tauraronsa da karan dawa, a rataye masa a ƙofar ɗaki.

Bana da za ta dawo daga hutu, sai ta fitar da daddawa daga akwati don kara ya samu wuri. Mijinta Jethro ya kwana biyu yana mita. "Mutane na kawo kayan miya, ke kin kawo mana abin hura wuta."

Ranar Juma'a ta shimfiɗa tabarma a falo, ta koya wa 'yarsu Happiness, mai shekara biyar, yadda ake ɓare ɓawon kara a soka shi cikin totuwa. Tauraron yarinyar ya fito a karkace, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo.

Jethro ya ɗauka, ya daɗe yana jujjuya shi a hannu. Can sai ya zauna a tabarmar, ya jawo kara.

"Mu a Kagoro ba haka muke yi ba," in ji shi. "Matso nan, Happiness, in nuna miki."