Mai Washin Takalman Kipina

A duk shekaru saba'in na ƙungiyar Kipina ta garin Harjuvirta, babu mutumin da ya juya akalar tarihinta kamar Aulis Pynnonen. Bai taɓa zura ƙwallo a raga ba, bai taɓa horar da kowa ba, hasali ma bai iya tsayuwa a kan ƙanƙara ba sai ya dafa katanga. Kuma ban da shi kansa, babu wanda ya san da wannan matsayi nasa.

Aulis ma'aikacin masana'antar takarda ne, a sashen da ake wasa manyan wuƙaƙen yankan takarda. A shekarar 1971 shugabannin Kipina, waɗanda suka fara shiga sahun ƙwararru a ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, suka nemi wanda zai riƙa yi wa takalman 'yan wasa washi. Suka yi lissafi irin na manya: wanda ya iya da wuƙar da ta fi mutum tsawo, ai ƙarfen ƙasan takalmi ba zai gagare shi ba. Aka ba shi wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, da injin washi, da rediyo.

Aikin yana da ƙa'ida ɗaya da ba a wasa da ita. Ƙarfen takalmi yana da baki biyu da ɗan kwarmi a tsakani. 'Yan gaba suna son kwarmi mai zurfi, don bakin ya ciji ƙanƙara idan suka sha kwana. Mai tsaron raga kuwa kusan shafaffe yake so, don ya zame hagu da dama ba tare da wani abu ya riƙe shi ba. Saboda haka kafin a taɓa takalmin gola, dole a sake saita dutsen injin.

Golan Kipina a lokacin shi ne Tauno Lehikoinen, dogo mai ƙaramar murya, wanda yakan ajiye takalmansa a kan tebur ya ce, "Ga su, Aulis," ya dawo ya ce, "Na gode, Aulis." A shekara goma sha uku, hirarsu ba ta wuce haka da yawa ba, kuma kowa a garin ya san aminan juna ne.

Ranar wata Lahadi cikin watan Maris na 1984, Kipina za ta yi karawar ƙarshe. In ta ci, ta zauna a babban rukuni. In aka ci ta, ta faɗa ƙasa. A ranar ce kuma ake tseren kilomita hamsin na masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma ɗan ƙasarsu ne a gaba da daƙiƙa takwas. Aulis yana washi, kunnensa na ga rediyo. Ya gama na 'yan gaba, ya jawo na Tauno, daidai lokacin da daƙiƙa takwas suka koma uku. Ɗan ƙasar tasu ya zo na huɗu. Aulis ya kashe rediyo, ya jera takalma.

Saura minti biyu a tashi, ana biyu da biyu, wani ɗan bayan abokan hamayya ya turo ƙwallo daga tsakiyar fili, turowa ta wanda ya gaji yana neman a canza shi. Tauno ya matsa hagu don ya tare, ƙafarsa ta ƙi tafiya, ya zauna daɓas. Ƙwallon ta wuce ta gefensa a hankali, har mutum dubu huɗu suka sami lokacin kallonta sosai.

Da Aulis ya koma ɗakinsa, ya tarar da dutsen injin yana nan a saitin 'yan gaba. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya mai da shi saitin gola, ya share tebur, ya tafi gida.

Kipina ba ta sake komawa babban rukuni ba. 'Yan wasa na kirki suka tafi manyan garuruwa, masana'anta ta cire sunanta daga rigunan ƙungiya, aka rufe kujerun gefe ɗaya da tamfol. A rufin filin an rataye rigunan mutum biyar da ƙungiya ta karrama, kamar yadda aka saba yi wa gwaraza, har da ta wani da ya fi shahara da dambe. Rigar Tauno mai lamba ɗaya, bayan kakar wasa goma sha biyar a raga, ba ta hau ba. Abin da ya samu shi ne sunansa ya shiga bakin gari: duk wanda santsi ya kwashe a bakin kanti, sai a ce ya yi Tauno. Har malaman makaranta suna faɗa.

Aulis bai gaya wa kowa ba. Ya bar aikin washi a 1990, ya ce hannunsa ne ke rawa. Ya daina jin tseren dusar ƙanƙara, abin da ya sa matarsa Sirkka ta kai shi asibiti sau biyu. Duk kaka yakan kai wa Tauno kifi mai hayaƙi, ya ajiye a bakin ƙofa ya juya. Sau da yawa ya shirya maganar, amma a Harjuvirta mutum ba ya tarar mutum haka kawai ya fara zancen abin da ke ransa, sai dai in ya sha giya, Aulis kuwa ba ya sha.

Da ƙungiya ta cika saba'in, aka ɗora wa Malama Ritva Saukko, tsohuwar malamar tarihi, aikin rubuta littafi. Ta zo gidan Aulis neman tsofaffin hotuna, ta sha kofi uku, ta karanta masa babi na tara. Sunan babin "Zaman Lehikoinen".

"Ba ki ga kin matsa masa ba, Malama?" in ji Aulis.

"Ni na zaunar da shi? Ina wurin, Aulis, a layi na uku. Abin da ido ya gani na rubuta. Litinin za a kai wa masu ɗab'i."

Bayan ta fita Sirkka ta dube shi. "Kai tsoho, me ya same ka? Ka zuba gishiri a kofi, kuma ka shanye."

Ran Asabar da rana ya tafi sauna, wato ɗakin wankan tururi, ta tsofaffin 'yan ƙungiya, wadda ya yi shekaru yana kauce wa. Ya jira sauran suka fita shan iska, ya rage daga shi sai Tauno a bencin sama, tsofaffi biyu tsirara, kowa na kallon gwiwarsa. Aulis ya watsa ludayin ruwa a kan duwatsu masu zafi. Ya ƙara wani. Ya ƙara na uku.

"Dafa ni za ka yi ne, ko magana gare ka?" in ji Tauno.

"Magana."

"To yi, kafin kunnuwana su nuna."

Aulis ya faɗa masa komai, da rediyon, da daƙiƙa takwas, da dutsen. Ya ce Litinin da safe zai je wurin Malama Ritva a canza sunan babin, a sa nasa. Ya ce in ana tsine wa wani a garin nan, shi ya kamata a tsine wa. Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi, har da ranar ɗaurin aurensa.

Tauno ya goge fuska da tafin hannu. Jan da ta yi ya wuce na tururi.

"Waɗanne takalma kake nufi?"

"Naka mana. Na wa?"

"Ai ban sa su ba."

"Kamar yaya ba ka sa su ba? Da safa ka shiga fili?"

"Biyu gare ni, iri ɗaya. Waɗanda nake kawo maka, na atisaye ne. Na wasa suna cikin jaka."

"Tun yaushe?"

"Tun makonka na biyu." Tauno ya yi gyaran murya. "Kada ka ji haushi, Aulis. Washinka bai taɓa yi mini ba. Ko ka saita, ko ba ka saita ba, cizo yake. Na rasa yadda zan gaya maka, kullum ka sha sabuwar rigar aiki kana jira. Sai na ga sayen wasu takalman ya fi sauƙi."

"Shekara goma sha uku kana ce mini na gode."

"To da me zan ce?"

Aulis ya nemi ludayi, ya tarar bokitin ba ruwa.

"To me ya kayar da kai ran nan?"

"Faɗuwa na yi. Mutum ba ya faɗuwa? A kan ƙanƙara muke, bawan Allah."

Duwatsu suka daina ƙara, kowa na fama da tasa kunyar. Aulis ya so ya tashi, amma akwai tambayar da ta hana shi. Shi da ya yi shekara arba'in yana wasa ƙarfe a masana'anta, har da takardar yabo a bango, yana so ya ji ko wane gwani ne aka fifita a kansa. Wataƙila wani injiniya ne daga babban birni.

"Wa yake yi maka na wasan?"

"Surukina," in ji Tauno, "baban Marjatta."

Baban Marjatta, matar Tauno, mai aski ne. Da dutsen aska yake goga su a kan teburin kicin.