Kibiyar Inna

Inna, mahaifiyata, makitsiya ce, kuma a unguwarmu ta Jega an fi saninta da mai hannun sanyi. Kayan aikinta ba su taka kara sun karya ba: tabarma, kujera 'yar tsugunno, mataji na katako, ɗan kaskon man kaɗe, sai kibiya. Kibiyar kitso nake nufi, siririn ƙarfen nan mai tsini da ake tsaga gashi da shi. Ta gaje ta daga kakata a Maiyama, wani maƙeri na Gumbin Kure ya ƙera ta tun ba a haifi Inna ba, kuma wurin riƙonta ya sha hannu har ya yi sumul yana ƙyalli.

Inna tana da wata al'ada da ta sa mata ke tsallake makitsa uku su zo wurinta. Ba ta fara kitso sai ta yi tsifa da kanta, kuma duk tsagar da ta buɗe sai ta bi ta da bakin kibiya tana susa, tana ɗago amosani a hankali. Na sha ganin manyan mata sun kifa kai a cinyarta barci ya kwashe su, baki buɗe, 'ya'yansu na kuka a gefe ba su ji ba. Wasu ma na tabbata susar ce ke kawo su, kitson raka ta kawai yake yi.

Ni kuwa tun ina ƙarama ba ni da haƙuri, ga son a ce na fi kowa sani. Da na gama makaranta aka tura ni Sakkwato wurin yayata, lokacin can ce babban birnin jiharmu, ba a yanke mana Kebbi ba tukuna. Kusa da gidanta akwai shagon gyaran gashi na wata mata 'yar kudu, kuma a can na yi shekara guda ina koyon sa rilaksa, farin man nan mai warin tsiya da ke miƙar da gashi. Uwar ɗakina ta koya mini a raba kai gida huɗu, a kama kowane kashi da kilif na roba, a shafe goshi da bayan kunne da basilin, sannan a riƙa ɗibar gashi siriri siriri da wutsiyar matajin roba ba tare da tsinin ya taɓa fata ba. Doka ɗaya ce ta fi nanatawa, har ta taɓa make mini hannu a kanta: kan da aka sosa ba a sa masa rilaksa sai ya kwana uku ko huɗu, domin man yana shiga duk inda fata ta buɗe ya ci ta. Wannan dokar na san ta kamar sunana.

Na dawo Jega da robar rilaksa, safar hannu, mataji mai wutsiya da kilif huɗu masu launi, ina tafiya kamar na dawo da digiri. Inna ta ɗauki kilif ɗaya ta matsa, ya buɗe baki, ta sake shi ya rufe, ta yi dariya har da tafi.

“Wanga abu awa bakin agwagwa,” in ji ta. “Da shi aka kama gashi can birni?”

Na ce mata ai yanzu an wuce zamanin ƙarfe. Ba ta ji haushi ba. Duk matar da ta kifa kai a cinyarta a makon nan sai ta ji labarin ɗiyarta da ta koyo aikin zamani. Ita ta yi mini tallan da ban iya yi wa kaina ba, ni kuwa ban taɓa zama na gaya mata ko doka ɗaya ta aikin ba. Gani nake ilimina ne, na sha wuyar samunsa, kuma tsohuwa mai kibiya ba za ta gane ba.

Wadda ta fara amsa tallan wata mata ce daga Aliero, matar wani manomin albasa. Tun tana yarinya Inna ke mata kitso, shi ya sa ita ma Inna take kiranta. Gashi gare ta mai cika da tsawo, irin wanda makitsiya ke alfahari da shi. Bikin ƙanwarta saura kwana biyu, tana so ta shiga taro da gashi a miƙe kamar na matan da take gani a kalanda. Ta biyo a-kori-kurar albasa ranar kasuwa, ta iso da hantsi, mayafinta na warin buhu, da tsohon kitso a kanta.

Kafin ta gama shan ruwa tsakar gidanmu ya cika. Maƙwabta sun ji yau za a sa maganin birni, kowace ta bar girkinta ta zo kallo. Na ce ni ba na tsifa, wannan aikin Inna ne. Na juya baya ina jera kayana a faranti, ina amsa tambayoyi, ina nuna yadda kilif ke kama gashi, ina jin daɗin yadda ake cewa kai, kai.

Da na waiwayo, an tsefe fiye da rabin kai, kuma Inna tana abin da ta saba yi shekara da shekaru. Bakin kibiya na bin tsaga, amosani na zuba a kan zane, matar Aliero ta lumshe ido tana cewa, “Nan, Inna, nan daidai.” Na san abin da nake gani, na san abin da zai biyo baya, kuma na san maganar da ya kamata in yi ba ta wuce jimla ɗaya ba: a bari sai bayan kwana uku. Amma bayan kwana uku biki ya wuce. Ga matan unguwa sun zuba mini ido, ga faranti na jera. In na ce a fasa, za su koma gidajensu suna cewa ɗiyar makitsiya ta je birni ta dawo da baki kawai. Wannan ne ya tsaya mini a wuya, ba bikin ƙanwar matar ba. Sai na ja bakina na yi shiru, na ce a raina zan ƙara basilin, zan yi sauri, Allah zai rufa asiri.

Na raba kan gida huɗu, na kama da kilif, ja da shuɗi da kore da ruwan ɗorawa. Mata suka yi ta sha'awa. Ban gama kashi na biyu ba matar ta fara motsi a kan kujera. Na ce mata haka yake yi, alamar yana aiki ke nan. Ta daure, domin ita mai kunya ce kuma a gidan Inna take. Ina cikin kashi na uku na ga hawaye na ɗiga a kan gwiwarta, ta damƙe gefen zanenta da hannu biyu.

“Wuta, wuta ta cikin kaina,” ta faɗa da ƙyar. “Don Allah ku wanke min.”

Muka yi ta kwara ruwa, randa guda ta ƙare. Da kumfa ya sauka, duk layin da kibiya ta bi ya yi ja wur, wasu wuraren sun saɓule suna fitar da ruwa. Bayan kunnenta na hagu, inda Inna ta fi daɗewa tana susa saboda matar ta roƙa, gashin ya biyo hannuna.

Wata maƙwabciyarmu, wadda bakinta ba ya ajiye magana, ta ce, “To mi ya hwaru? Maganin na, ko mai sa shi?”

Ban yi tunani ba, ko kuma in faɗi gaskiya, na yi tunani da sauri ƙwarai.

“Kibiyat Inna ta,” na ce. “Ita tat tsattsage mata kai. Ƙarhe bai shiri da wanga magani.”

Abin da ya sa ƙaryar ta zauna daram shi ne rabinta gaskiya ce. Kibiyar ce ta buɗe fatar. Abin da ban faɗa ba shi ne Inna ba ta sani ba, ni na sani, na gani da idona, kuma ni na ɗebo man na shafa a kan ciwon. Inna ta dubi kibiyar da ke hannunta kamar yau ta fara ganinta. Ba ta dube ni da zargi ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta durƙusa gaban matar da a haife ta haife ta, ta kama ƙafarta.

“Ɗiyata, ki gahwarta min. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.”

Matar ta je bikin ƙanwarta da ɗankwali ɗaure har gira, ba ta cire ba ko a ɗaki. Labari kuwa kafin magariba ya zaga unguwa, kafin mako ya kai Aliero da Maiyama, kuma yana tafiya yana ƙara kiɓa. Aka ce kibiyar ta yi tsatsa. Aka ce hannun Inna ya fara rawa. Wata ma ta ce dama ita ta daɗe tana jin zafi in an mata susa, kunya ce ta hana ta faɗa, ita da na sha gani tana minshari a cinyar Inna. Mata suka fara raguwa a tabarma. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne wurina suka dawo. Ni ce mai ilimin da ta gano laifin ƙarfe. Tun daga ranar ban sake ƙona kan kowa ba, domin duk wadda ta zo sai na tambaye ta yaushe ta yi susa, kuma na yi suna da wannan tambayar.

Inna kuwa duk bayan kwana biyu sai ta ƙulla man kaɗe a leda ta hau mota zuwa Aliero, ta wanke wa matar ciwon da ruwan ɗumi, ta shafa mata mai. Ta yi haka har ya warke. Gashin ya dawo ko'ina ban da bayan kunnen nan, inda ya bar tabo sumul kamar faɗin kwabo. Ban raka ta ko sau ɗaya ba. Kullum ina da mai jirana.

Wata rana da la'asar ta same ni ina wanke kilif, ta zauna kusa da ni, ta ɗauki matajin roba tana jujjuya shi.

“Ki koya min aiki da wanga,” in ji ta, “kar in sake ƙona ɗiyan mutane.”

Nan ne wuri na biyu da ya kamata in buɗe baki. Mu biyu ne kawai, ba maƙwabta, ba faranti. Sai na karɓi matajin na nuna mata yadda ake riƙe wutsiyarsa, ni da ita ta koya wa tsaga tun hannuna bai iya riƙe ludayi ba. Ta kira wata jikarta ta gwada a kanta, robar na lanƙwashewa a hannunta, tsagar na fita a karkace. Ta yi murmushi ta ajiye. Kibiyar kuma ta naɗe ta a tsumma ta tura ƙasan akwati, ba ta sake susa ga kowa ba, har mu 'ya'yanta.

Na yi ta cewa zan faɗa mata. In an yi sallah zan faɗa. In na yi aure na bar gidan zan faɗa. Da ta koma Maiyama wurin ƙanenta saboda ciwon ƙafa, na ce in na je dubiya zan faɗa, sai in je in tarar da ɗaki cike da mutane, in ji daɗin hakan a ɓoye. A ciwonta na ƙarshe ta sa aka aika Aliero neman gafara, kamar yadda tsofaffinmu ke yi in sun ji tafiya ta matso. Cikin duk mutanen da ta zauna da su a duniya, wannan matar ce kaɗai ta ambata da suna. Ina zaune a bakin gadon lokacin da ta ba da saƙon, ina mata fifita.

Ranar addu'ar uku matar Aliero ta zo. Ta manyanta, ta yi jiki, har da jikoki. Ta ratsa mata ta zauna a gabana, ta kama hannuna biyu tana kuka. Sannan ta ɗaga gefen ɗankwalinta ta nuna mini bayan kunnenta. Tabon na nan yadda na bar shi.

“Kin gani, har yau bai tsiro ba,” in ji ta. “Amma wallahi na yahe mata tun ran nan. Tsuhwa ta, ba da gangan tay yi ba. Ke dai Allah shi yi miki albarka, da ba ki wanke da sauri ba da kaina duka ya tahi.”

Matan da ke kusa suka ce amin. Akwatin Inna na bayana, na jingina da shi, kibiyar na ciki a naɗe. Matar tana riƙe da hannuna tana jiran in ce wani abu.

Na ce mata mun gode, Allah ya saka da alheri.