Fuskata a Saman Ruwan Bakolori

Mu uku ne masu wannan ciwo na ɗaukar hoto a Talata Mafara, lokacin da ruwa ya fara kwanciya a bayan dam ɗin Bakolori: ni da nake koyarwa a firamare, da wani malamin gona ɗan Bakura, da wani malamin asibiti da ya girme mu. Duk wanda ya wanko hotunansa sai ya kawo, mu baza a tabarma bayan la'asar, mu yi ta musu.

Malamin asibitin ba ya ganin hoto ya yi shiru. "Ka raba sama da ƙasa daidai, sai ka ce rabon gado," zai ce. "Bar wa sama kaso babba, ko ka bar wa ruwa. Kuma wa ya ce ka ɗauka da tsakar rana? Dubi yadda haske ya cinye komai." Malamin gona kuwa ra'ayinsa ɗaya ne: a sa wani abu a gaba, ko kututture ko kwalekwale, don ido ya sami wurin tsayawa.

Gorinsu ya ishe ni. Wata Juma'a na hau babur na nufi wajen Maradun, na sami tudu na zauna har rana ta yi sanyi. Ruwa ya yi ja, ga kawunan itatuwan da ya nutsar suna leƙowa, ga kwalekwalen masunci can gefe. Na ɗora kyamara a kan sirdin babur, na riƙe numfashi, na danna. Ban taɓa jin na dace kamar ranar ba.

Na kai fim ɗin wurin mai wankin hoto na bakin kasuwa. Da na koma, sai ya miƙo mini hotunan bikin sunan ƙanwata kaɗai, waɗanda ke cikin fim ɗin tun da farko.

"Ina na ruwa?"

"Ai sun lalace, Malam. Babu kowa a ciki."

"Da gangan na ɗauka haka!"

Ya dube ni da tausayi. "Mi za ka yi da ruwa? Ga shi can, kullum ka so ka je ka gani."

Na yi bayani har muryata ta dushe. Ya ce to, in dawo jibi.

Ya wanke, ba laifi. Sai dai ya ciro fuskata daga hotunan suna, ya ɗora ta a sararin sama, daidai inda rana take faɗuwa, da hulata a karkace, ina dariya. Ya ce bai ji daɗin barin wurin fayau ba, kuma wannan kyauta ce.

Da na baza shi a tabarma, malamin gona ya yi dariya har ya kwanta. Malamin asibiti ya daɗe yana dubawa, sannan ya rufe fuskata da babban yatsansa ya ce, "Sauran dai ya yi kyau." Yabon da na daɗe ina nema ke nan, amma haushi ya hana ni jin daɗinsa.

Daga ranar Gusau muke aika fim ta hannun wani direba, mu jira har sai ya ga damar dawowa. Mahaifiyata kuma ta karɓe hoton ta jingina a kan jeren kwanoninta. Duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata, ni kuwa in nemi hanyar fita.