Karfasar Sani a Akwatin Kifayena

"Wallahi Yaya, ba za ta taɓa su ba, ai dangi ɗaya ne."

Rantsuwar Sani ke nan, ƙanen mijina mai kamun kifi a dam ɗin Goronyo, ranar da ya jefa 'yar karfasa cikin akwatin gilashin da nake kiwon kifayen ado, 'yan rawaya na tafkin Malawi.

Dangi ɗaya ne, na karanta, ban musa ba. Amma yanzu ta fi su girma nesa, ta ƙwace kogon dutsensu, ta yage wa namijin wutsiya.

Na kira shi ya gani. Ya ce, "Wasa su kai. Waccan 'yar rawayar da ta ɓuya mi ya same ta?"

Na ce, "Dubi haɓarta, ɗan nema. Ƙwai ne cike da bakinta, ko abinci ta daina ci don su."

Ya duƙa ya leƙa gilashin.

'Ya'ya na tafe, in Allah ya yarda. Ku masu kiwon irin kifayen nan, wane kifi ya zauna lafiya da naku?

Kai kuma Sani, ka ɗauke baƙuwarka kafin sallar Juma'a. In ka sakko masallaci tana nan, soyayya za ka tarar da ita, da yaji.