Rayuwar Younoussa Alhassane, Dillalin Gidajen Jingina a Sabha

Haihuwa da asali

An haifi Younoussa a garin Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta ƙasar Nijar, a daminar shekarar 1966. Mahaifinsa Alhassane dillali ne a kasuwar dabbobi ta garin, mahaifiyarsa Safoura kuwa tana sana'ar man gyaɗa a cikin gida. Shi ne na huɗu a wurin iyayensa, kuma shi kaɗai ne namijin da ya kai balaga, domin ƙyanda ta ɗauke yayyensa maza biyu a shekara guda tun kafin ya yi wayo.

Karatu

Ya fara karatun allo a zauren unguwarsu, daga bisani aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, a shekarar 1973, inda ya kai aji shida amma bai samu nasarar jarrabawar wucewa gaba ba. Daga nan ya koma bin mahaifinsa kasuwa, yana riƙe igiya yana sauraron ciniki. Farin shekarar 1984 ya hallaka dabbobin yankin, kasuwa ta mutu, kuma a shekarar da ta biyo baya Allah ya yi wa Alhassane rasuwa, nauyin gida ya dawo kan Younoussa yana ɗan shekara goma sha tara.

Tafiya Libiya da aikin gini

A shekarar 1987 ya bi ayarin masu neman aiki ta Agadas da Dirku har ya isa Sabha, babban birnin yankin Fezzan da ke kudancin Libiya. Ya yi shekara shida yana leburanci a unguwar Gurda, yana kwaɓa siminti yana ɗaukar bulo, a cikin haka ya koyi Larabcin mutanen garin har ya ƙware. A shekarar 1993 katakon da yake tsaye a kai ya karye, ya faɗo daga hawa na biyu, ƙugunsa ya goce, kuma bai sake tafiya ba tare da ɗingishi ba har ƙarshen rayuwarsa. Mai ginin, wani ɗan kwangila Balibiye da ake kira Hajj Aziz, bai sallame shi ba. Ya mai da shi mai gadin gidajen da aka gama, ya damƙa masa makullai domin ya riƙa buɗe wa masu zuwa kallo.

Aure da iyali

A shekarar 1996 ya koma Tasawa ya auri Hindou, 'yar wani maɗinki abokin mahaifinsa. An haifi ɗansu na fari, Daouda, a shekarar 1998, kuma a shekarar 1999 ya ɗauko su zuwa Sabha, suka zauna a ɗaki biyu na haya a unguwar Mahdiya. A can aka haifi Djamilatou a shekarar 2001, da Mamou a 2005, da Maïmouna a 2009.

Shekarun rancen gidaje

Tun yana gadi Younoussa ya lura cewa masu zuwa kallon gida suna da yawa, masu saye kaɗan ne, kuma da zarar mutum ya fita daga ƙofa ba wanda yake sake nemansa. Mafi yawansu ma'aikatan gwamnati ne waɗanda ba za su iya biya gaba ɗaya ba, sai dai banki ya biya musu, ya riƙe takardar gidan a matsayin jingina, yana cire wani kaso daga albashinsu tsawon shekaru. Samun amincewar bankin yana ɗaukar lokaci mai tsawo, a tsakanin nan kuwa mutum yakan gaji, ko takardunsa su lalace, ko wani dillali ya janye shi.

Ba tare da an umarce shi ba, ya fara tambayar duk wanda ya zo kallo game da inda yake aiki, da matsayin takardunsa a banki, da wanda maganarsa ce ta ƙarshe a gidansu, domin sau da yawa ba mai kallon ne yake yanke hukunci ba, mahaifiyarsa ce ko surukinsa. Da Hajj Aziz ya ga gidaje uku sun fita ta wannan hanya cikin 'yan watanni, sai ya ɗauke shi daga gadi ya zaunar da shi a ofishinsa a shekarar 2002, ya saya masa wayar hannu.

Daga shekarar 2004 zuwa 2010 aka samu yalwar rancen gidaje, kuma a wannan zamani ne sunansa ya bazu a garin. Ya kasa mutanensa kashi uku. Waɗanda amincewar banki ta fito musu ba ya barin rana ta faɗi bai kira su ba, domin a cewarsa irin wannan mutum ba ya wuce mako bai sayi gida ba, a hannunka ko a hannun wani. Waɗanda suke jira yakan leƙa su a wuraren aikinsu, ya tuna musu takardar da wa'adinta ya kusa ƙarewa, ya raka su a sabunta. Kashi na uku su ne masu sha'awa ba hali, waɗanda sauran dillalai ba sa ɓata lokaci a kansu. Su kuwa gaisuwar Sallah yake kai musu, ya halarci sunan 'ya'yansu da zaman makokinsu, bai taɓa ambata musu gida ba sai sun tayar da maganar da kansu. An shaide shi da cewa ba ya tura mutum ga gidan da albashinsa ba zai ɗauka ba, ko da hakan zai rage masa la'ada.

Kowace Alhamis bayan la'asar yakan zauna gaban Hajj Aziz ya karanto masa halin da kowane mutum yake ciki, wanda ya matso da wanda ya ja baya da dalilin kowanne, ba ya ɓoye komai. Wannan al'ada ita ce ginshiƙin ofishin.

Daga cikin mutanen kashi na uku akwai Ustaz Muftah, malamin lissafi a wata makarantar sakandare, wanda ya fara zuwa kallon gida a shekarar 2003. Jinyar mahaifinsa ta cinye abin da ya tanada, sannan takardunsa suka ɓace aka sake haɗa su daga farko. Younoussa bai yanke hulɗa da shi ba har ranar da ya miƙa masa makullin wani gida a Gurda a shekarar 2009. Abota ta ƙullu a tsakaninsu, kuma Muftah ne ya riƙa koya wa Daouda lissafi kyauta. Shi kansa Younoussa, kasancewarsa baƙo, ba shi da ikon mallakar gida ko neman rance, a haya ya ci gaba da zama.

Juyin zamani da kisan Ustaz Muftah

Bayan juyin juya halin shekarar 2011 rancen gidaje ya tsaya, makamai suka yawaita a hannun jama'a, faɗa ya riƙa ɓarkewa tsakanin ɓangarorin garin. Hajj Aziz ya rasu a shekarar 2013, ɗansa Mas'ud ya gaji ofishin. Mas'ud matashi ne mai ladabi a fuska, yana kiran Younoussa da Ammi, wato baffa, amma yana da alaƙa da wata ƙungiya mai ɗauke da makamai, abin da Younoussa ya ji a bakin mutane bai tsaya ya auna ba. A wannan lokaci sana'ar ta juye, masu neman sayarwa suka fi masu neman saye, domin iyalai da dama sun tsinci kansu a unguwar da ba ta danginsu ba.

A farkon shekarar 2014, bayan wani faɗa mai tsanani, Muftah ya same shi a ƙofar masallaci ya ja shi gefe. Ya ce masa: "Younoussa, kai ka shigar da ni gidan nan, kai za ka fitar da ni. Na riga na kai matata Batul da yara gonar ƙanena a Wadi Bawanis. Nemo mini wanda zai karɓi gidan ya ci gaba da biyan banki, amma kada maƙwabta su ji."

Younoussa ya ɗauka maƙwabta kawai ake nufi. Ranar Alhamis ya zauna gaban Mas'ud kamar yadda ya saba zama gaban mahaifinsa, ya faɗa masa cewa gidan Muftah ba kowa a ciki sai mai shi, kuma yana neman fita. Kafin mako ya zagayo, mutane ɗauke da bindigogi suka zo da mota suka nemi Muftah ya ba su makulli. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi, suka harbe shi a nan, da rana, maƙwabta suna kallo ta tagogi. Suka shiga gidan suka zauna.

Bayan jana'iza Younoussa ya je ofis ya tambayi Mas'ud ko shi ne ya kai wa maharan labari. Mas'ud bai musa ba. Ya ce: "Ammi, aikinka kawo labari, kuma ka kawo. Abin da ya biyo baya ba naka ba ne." Younoussa ya ajiye makullan da ke hannunsa a kan tebur, ya fita, bai sake taka ofishin ba. Daga baya ya gano cewa gidaje biyu da aka ƙwace kafin na Muftah su ma ta bakinsa labarinsu ya fita.

Shaida gaban dattawa

A shekarar 2015 dattawan garin suka kafa zaman sulhu domin duba gidajen da aka ƙwace, amma babu maƙwabcin Muftah ko ɗaya da ya yarda ya yi magana. Younoussa ya yanke shawarar zuwa. Hindou ta ce masa: "Malam, 'yan gari ma sun yi shiru, su da suke da dangi a bayansu. Mu wa muke da shi?" Ya amsa mata cewa ba su da kowa, amma maganar daga bakinsa ta fita. Ya bayyana gaban dattawan, ya faɗi abin da Muftah ya gaya masa da wanda shi ya gaya wa. An saurare shi, an yi masa godiya, amma ba a hukunta kowa ba, kuma ba a fitar da waɗanda ke cikin gidan ba. Mas'ud ya rufe ofishin ya koma Tarabulus.

Ɓacewar Daouda

A shekarar 2016 Daouda yana da shekara goma sha takwas, yana koyon walda a wani shago a Mahdiya. Wata safiya maigidansa ya aike shi Gurda da ƙofar ƙarfe a bayan mota. A wani shingen bincike aka sauke shi, aka ce wa direban ya wuce. Ba a nemi fansa ba, ba a aiko da saƙo ba. Ba a taɓa tabbatar da cewa kamun yana da nasaba da shaidar mahaifinsa ba, domin a wannan zamani ana kama baƙi ba dalili, amma Younoussa bai yi shakka ba.

Shekarun ƙarshe

Bai sake dillanci ba. Daga shekarar 2017 ya riƙa aikin tsince dabino da ɗaure albasa a gonakin Wadi Bawanis, aikin da mai ɗingishi zai iya yi a zaune, ragowar lokacinsa kuwa ya ba da shi ga neman ɗansa. Ya bi al'amarin da tsarin da ya sani. Duk wanda aka sako daga wani wurin tsaro yakan isa gare shi a ranar da ya ji labari, kafin mutumin ya bar garin. Direbobin hanyar Tarabulus da ta Agadas yana kiransu a kai a kai. Waɗanda yake zaton sun san wani abu amma tsoro ya hana su magana, yana kai musu gaisuwa ba ya tambayarsu komai, yana jira. Sau biyu aka ce an ga mai kama da Daouda, ya yi tafiya mai nisa, ya tarar da ɗan wani.

A shekarar 2019 waɗanda suka mamaye gidan Muftah suka fice, bayan sun cire ƙofofi da tagogi da wayoyin lantarki. Gidan ya koma hannun Batul, matar marigayin, ta sayar da shi ta hannun wani dillali. Younoussa ya nemi izinin zuwa gaishe ta, ta aiko ɗan'uwanta ya shaida masa cewa ta ji shaidar da ya bayar, ba ta riƙe shi da komai ba, amma ba ta son ganinsa. Bai sake nema ba.

A shekarar 2021 ciwon ƙoda ya kama shi, ya bar aikin gona. 'Yan'uwansa sun matsa masa ya koma Tasawa jinya, ya ƙi, domin a Mahdiya Daouda ya bar su, kuma nan zai nufa idan aka sake shi.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya karɓi ran Younoussa Alhassane da hantsin wata Talata cikin watan Sha'aban na shekarar 2023, a ɗakinsa na haya, yana da shekara hamsin da shida. An yi masa salla bayan azahar a masallacin unguwa, aka binne shi a maƙabartar garin. Mafi yawan waɗanda suka raka shi leburori ne 'yan Nijar da 'yan kasuwa daga Najeriya, tare da wasu tsofaffin ma'aikata Libiyawa da suka shiga gidajensu ta hannunsa.

Ya bar mata ɗaya, Hindou, da 'ya'ya. Da limamin da ya zo rabon ɗan abin da ya bari ya ƙirga 'ya'yan mamacin, sai ya ambaci uku. Hindou, wadda bisa kunyar ɗan fari ba a taɓa jin sunan yaron a bakinta ba, ta ɗaga murya daga bayan labule ta ce: "Malam, huɗu ne. Akwai Daouda." Liman ya gyara, aka ware kasonsa aka ajiye.

'Ya'yan su ne: Djamilatou, tana aure a Agadas; Mamou, yana gyaran waya a Mahdiya; Maïmouna, tana gaban mahaifiyarta; da Daouda, wanda har yau ba a san inda yake ba.