Jirage Tara na Baba Kofur

A titin Mansur da ke Makka ba wanda ke kiransa Abdulwadud. Baba Kofur ake ce masa, kuma yawancin masu faɗin haka sun ɗauka laƙabi ne kawai, saboda yadda yake tafiya ƙirji a gaba. Ba su san kofur ɗin gaske ba ne. Ni Uzair, shagon ɗinkina yana jikin rumfar da yake gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma shekara goma sha huɗu muna maƙwabtaka. Yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi, sauran daga bakinsa na ji.

Mutumin Ringim ne. Yana da shekara goma sha takwas ya shiga sojan sama a Kaduna, ana tsakiyar yaƙin basasa. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, kuma ba ya yarda a ce ya tuƙa. Makanike ne: shi ke ɗaure noti, ya duba taya, ya zuba mai, ya ɗora bam. Ya yi aiki a Kano da Makurɗi da Inugu. Da ya ajiye kaki ya yi ta zarya a kan haƙƙinsa na fansho har takalminsa ya cinye, daga ƙarshe ya zo aikin hajji bai koma ba. A unguwar Nakkasa ya yi aure, a can aka haifi 'yarsa Shifa, a can matarsa ta rasu. Shekara arba'in a Makka ba shi da iƙama, takardar zama, don haka in ya hango motar 'yan sanda sai ya shige lungu kamar ɓarawo, mutumin da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba.

Da goran tsofaffin mukayyif, wato farin ƙarfen alminiyon da ke jikinsu, yake ƙera ƙananan jiragensa. Ya yanka da almakashi, ya lanƙwasa a gwiwa, ya goge da fayil har sai fiffike ya yi santsi. Kowanne bai fi tsawon damtse ba, amma sai ya cinye masa shekara biyu ko uku, don in ya ga hancin jirgi ya karkace da kaurin farce zai ɓalle ya sake. Akwai Mig uku, Delfin biyu, Ilyushin biyu, Dakota ɗaya, da wani ƙaramin Dornier. Tara ke nan. Duk irin waɗanda ya taɓa da hannunsa ne, da fentinsu da tutar kore-fari-kore a wutsiya. A ƙarƙashin fiffiken kowanne ya rubuta sunan wani abokin aikinsa da ya mutu, da sunan garinsu. Wasu a filin jirgi suka mutu lokacin da aka kawo hari, wasu kuma daga baya, a layin jiran fansho.

Mutanenmu ba su raga masa ba. Wani ya ce tsoho da wasan yara. Wani malami ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci ya ce wanda Allah Ya kawo kusa da Ɗakinsa bai kamata ya ɓata lokaci a kan gwangwani ba. Baba Kofur ya ce, "Malam, ko ka san Bitrus Pankshin?" Malamin ya ce a'a. Baba ya ce, "Shi ya janye ni daga ƙarƙashin jirgi yana ci da wuta. Ba wanda ya san shi sai ni. In na bari ya ɓace, to ya ɓace."

Kowace shekara, ran sha biyar ga Janairu, ranar da ake tunawa da mazan jiya a gida, yakan jera jiragen a kan soron gidansa bayan la'asar. Shifa ta yi dambu, tsofaffin sojojin da suka maƙale a Makka su hau tudun Nakkasa da ƙyar su zauna. Ya ɗauki jirgi, ya juya shi, ya karanta sunan, a yi shiru. Daga ƙarshe yakan ce a tuna da waɗanda bama-baman suka faɗa wa, don shi ya ɗora su, kuma bai san a kan wa suka sauka ba. Da farko tsofaffin sojojin su bakwai ne. Mutuwa ta ɗauki wasu, kame ya ɗauki wasu, har ya rage daga shi sai Issoufou, wani tsohon sojan Nijar ɗan Tawa mai tura keken gajiyayyu a Harami. A shekarun baya-bayan nan na lura Baba yana daɗewa yana kallon rubutun kafin ya furta. Mantuwa ta fara taɓa shi, shi ma ya sani.

Sai ga wani mutum mai suna Turki. Haifaffen Makka ne, yana da takardar ɗan ƙasa, amma mahaifiyarsa Hajiya Hajo Bakatsiniya ce, har gobe takan aiko titin Mansur a saya mata kuka da daddawa. Yana jin Hausa sarai, sai dai ba ya yin ta a gaban mutane. Yana da istiraha a hanyar Jidda, wani gidan shaƙatawa da ya cika da tsofaffin rediyo da takubba da fitilu, mutane na zuwa kallo suna shan shayi. Ya kawo gyaran mukayyif, ya hango Mig ɗaya da Baba ya sauko da shi don ya gyara masa taya. Nan take ya nemi saye. Baba ya ce ba na sayarwa ba ne. Ya dawo sau uku, amsar ba ta canza ba.

Da rusau ya iso layinsu a Nakkasa, aka shafa jan fenti a bangon gidan, aka ba su kwanaki. Ɗaki ɗaya suka samu a bayan titin Mansur, shi da Shifa da 'ya'yanta, ko wurin shimfiɗa tabarma ta uku babu. Rumfarsa kuwa ba ta da ƙofa. Na ce a kawo jiragen shagona, sai muka ga ba za su shiga ba sai an ɗora wani kan wani. A wannan matsin Turki ya bayyana da babbar mota da kwalaye da auduga. A gabana ya dafa ƙirji ya ce da Larabci, "Ya amm," wato kawu, "gidana gidanka ne. Ran da ka ce a dawo da su, a ranar za su dawo."

Baba ya ce, "Amana ce. Kada a taɓa fentin."

Turki ya ce, "A kan kaina."

Wata bakwai suka wuce. Da Janairu ta matso Baba ya sa na kira Turki. Na kira har na gaji, ba ya ɗauka. Ran sha uku ga wata muka ɗauki tasi zuwa istirahar, ni da Baba da Issoufou. Baba ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Mai gadi ya so ya hana mu shiga, sai da na yi masa Larabcin da ya fi nasa.

Jiragen suna tsakiyar zauren, cikin akwatin gilashi, da fitila a kansu. Shida ne, ba tara ba. An fesa musu fentin azurfa mai ƙyalli daga hanci har wutsiya, an goge tutar, an manna musu tambarin sojan Ingila. A gefe an kafa kati da Larabci. Baba ya ce in karanta masa. Wallahi na so in yi masa ƙarya. Katin ya ce wai wani matuƙin jirgi Bature ne ya ƙera su da hannunsa a lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma an sha wahala kafin a samo su daga Turai.

Baba ya yi wata irin dariya marar daɗi. Ya ce, "Lokacin ma ba a ƙera Mig ɗin nan ba. Kuma yaushe Ingila ta tuƙa jirgin Rasha?" Sai ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya leƙa ƙarƙashin fiffike ta cikin gilashin. Ya matsa na gaba ya leƙa. Ya bi su duka shida. Babu rubutu ko ɗaya.

Turki ya fito daga ciki da waya a kunne. Da ya gan mu bai ko girgiza ba. Baba ya tambaye shi da Hausa, "Ina sunayen? Ina sauran ukun?"

Ya amsa da Larabci, "Ban gane ba."

Issoufou ya ce, "Ka gane ƙwarai. Wanga harshe da shi uwakka ta goya ka."

Sai Turki ya rage murya, don akwai baƙi suna kallo. Ya ce, "Ya amm, gwangwani ne fa. Na gyara su, na ba su daraja. Wa zai zo kallon abin da mai gyaran mukayyif ya yi a Nakkasa? Ukun kuwa wani ya gani yana so." Na ce masa wannan cin amana ne, kuma akwai hukuma. Ya dube ni, ya dubi tsoffin nan biyu, ya yi murmushi. "Ku je ku kai ƙara. Kowa ya tafi da iƙamarsa."

Ya san sarai abin da ya faɗa. Tun ranar da ya dafa ƙirji ya san tsohon ba shi da ofishin da zai shiga ya fito.

Baba bai zage shi ba. Ya miƙe, ya haɗa dugadugansa, ya sauke hannaye a gefe, ya fara kiran sunayen da ƙarfi a tsakiyar zauren. "Kofur Zali, Gumel. Bitrus Pankshin. Saje Terhemba, Gboko. Nasrullahi Garko." Masu shan shayi suka ajiye kofuna. Ya ci gaba har ya kai takwas, sai ya tsaya. Bakinsa yana motsi, ba abin da ke fita. Ya sake farawa daga farko, yana lanƙwasa yatsu, ya sake tsayawa a wuri guda. Ya juyo ya dube ni. "Uzairu, na Dakota. Dogon nan mai gibi, ɗan wajen Biu. Mai yawan fito. Wane ne sunansa?"

Sau nawa na ji sunan nan a kan soro, ina cin dambu, hankalina na wani wuri. Ban riƙe ba. Issoufou ma bai riƙe ba. Dakotan kuwa yana cikin ukun da aka sayar. Muka riƙo Baba muka fito da shi. Muka koma titin Mansur.

Shifa ce ta yi abin da mu maza muka kasa. Washegari ta sa abayarta ta tafi gidan Hajiya Hajo, ta zauna a ƙasa ta ba ta labarin tun daga farko, Hausa na tsinke mata tana ƙarasawa da Larabci. Ta ce tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta sa aka kira mata ɗanta a waya, ta yi masa magana da Katsinanci tsantsa, ta ce in rana ta faɗi kayan tsohon nan suna hannunsa kada ya sake taka mata ƙofa.

Kafin magariba direba ya sauke kwali a gaban shagona. Jirage shida, an watsa su ciki ba auduga, fiffiken Ilyushin ɗaya ya lanƙwashe. Turki bai zo ba, bai aiko da ban haƙuri ba. Ukun kuwa wai wanda ya saya ya bar ƙasar.

Mun sa ran tsohon rubutun na nan a ƙarƙashin sabon fentin. Baba ya jiƙa tsumma da tina, ruwan cire fenti, ya goga a hankali, sai ga goran fari fat. Ashe sai da aka kankare da takarda mai yashi kafin a fesa. Wato ba kuskure ba ne, zama aka yi aka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya aka share su.

A shagona muka yi zaman shekarar, kwana biyu a makare, a kan teburin yankan yadi. Ya sake rubuta shida a fikafikansu, biyu a takarda. Ya sa ni ma na rubuta duka takwas ɗin a bangon shagon, Shifa ta sa a wayarta. Tun daga lokacin ya fara yanka sabon Dakota, amma watanni ke nan yana kan fiffike ɗaya.

Neman na taran muke yi har yanzu. Duk alhajin da ya shigo shagona ya ce daga Borno yake, sai na tambaye shi ko ya san wani tsohon sojan sama. Bayan hajjin bana wani ya ba ni lambar wani dattijo a Biu, wai ya yi aiki a filin jirgin Makurɗi lokacin yaƙi. Muka kira, Baba na riƙe da wayar da hannu biyu. Jikarsa ce ta ɗauka. Ta ce Allah Ya yi masa rasuwa bara da azumi. Baba ya yi mata gaisuwa, ya tambaye ta cikakken sunan mamacin da muƙaminsa, ya ce in rubuta. Sannan ya roƙe ta ta duba ko ya bar hotuna ko wasu takardu. Ta ce za ta tambayi kawunta in ya dawo daga gona.