Barkonon Bara'atu

A kasuwar Goronyo, a layin masu suyar kifi, akwai wata mata da ake kira Bara'atu. Doguwa ce, bayan hannuwanta duk tabon mai, kuma duk zafin wuta mayafinta a ɗaure yake tamau. Maƙwabtanta na cewa bara wani baƙo ya ɗauke ta hoto tana shayar da ɗiyarta, hoton ya zaga wayoyin gari har ya kai ga surukinta. Wataƙila shi ya sa ba ta dariya.

Yau ga wani saurayi ya laɓe bayan buhunan albasa yana saita mata kyamara. Ta gan shi sarai. Ba ta ɗaga kai ba, iska kawai take jira. Da iskar ta juya wajensa, sai ta watsa garin barkono cikin garwashi.

Yana tari, yana hawaye, majina har gemu. "Inna, mi niy yi miki?"

Ita ko tana fiddo 'yar wayarta a hankali. "Tsaya hakanan, ɗana, kak ka shafe. Ai ku kunka ce hoton wanda bai shirya ba ya fi kyawo."